Yadda manhajoji masu buɗaɗɗen tushe ke sanar da sabon bugu, da abin da ya sa ya kamata ka saurara

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin mai gyara a Garwa, Njamena, Maraɗi ko Kumasi ya san yadda abin yake. Mai gyara zai zaro filash daga aljihu, wanda wasu ke kira kle, ya soka a jikin na'urar, ya zuba maka VLC na kallon bidiyo da Firefox na shiga intanet, wataƙila har da LibreOffice na buga takardu. Ka biya shi ladan aikinsa, ka ɗauki kayanka ka tafi. Da wuya a tambayi shekarar da aka sauke waɗannan manhajoji, balle a tambaya ko masu su sun fitar da gyara tun daga lokacin.

Na taɓa duba kwamfutocin ɗakin ɗalibai a makarantar da nake koyarwa, na tarar da manhajar da masu ita suka daina kula da ita shekaru da dama da suka wuce. Babu wanda ya yi sakaci da gangan. Sanarwar ce ba ta iso mana ba, ko kuma ta iso ba mu san yadda ake karanta ta ba.

Manhajojin nan uku da na ambata duk masu buɗaɗɗen tushe ne, dangin waɗanda ake kira logiciel libre da Faransanci. Ma'ana, rubutun umarnin da aka gina su da shi a fili yake. Kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Yawancin irin waɗannan ayyuka ba su da kuɗin talla a rediyo ko talabijin, ba su kuma da rajistar sunayen masu amfani da su da za su bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke da shi shi ne sanarwar sabon bugu. A cikinta suke faɗa maka abin da ya canza, ko gyaran na gaggawa ne, har zuwa yaushe za su kula da bugun da ke hannunka, da kuma inda za ka samu na gaskiya.

Saƙon ranar Lahadi

Babu misalin da ya fi na Linux bayyana sauƙin lamarin. Linux ita ce zuciyar tsarin da ke tafiyar da wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. A ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya aika ɗan gajeren saƙo yana shaida wa masu sha'awar kwamfuta cewa yana haɗa wani tsari don nishaɗi. Har yau da saƙon imel yake sanar da kowane sabon bugu, babu hoto, babu ado, kuma galibi ranar Lahadi.

Tsarin aikin ba ya canzawa sosai. Da zarar an fitar da bugu, sai a buɗe ƙofa ta mako biyu don karɓar sababbin abubuwa daga masu rubuta manhaja na sassan duniya. Bayan nan a rufe ƙofar, a fitar da bugun gwaji na farko mai alamar rc1. Kowane mako a fitar da wani, rc2, rc3, har zuwa rc7 a mafi yawan lokuta, wani lokaci a ƙara da rc8 idan matsaloli ba su lafa ba. Sannan cikakken bugu ya fito. Zagayen yakan ɗauki mako 9 zuwa 10.

Darasi na farko ke nan ga mai karatu: idan ka ga rc, ko beta, ko alpha a jikin lambar manhaja, ba a gama dafa ta ba. An fitar da ita ne don masu gwaji su gano kurakurai su kai rahoto. Mai shagon buga takardu ko sakataren makaranta ba shi da dalilin ɗora ta a kan kwamfutar da yake neman abinci da ita.

Sauran ayyukan suna amfani da hanyoyi da yawa a lokaci guda. Suna buga sanarwa a shafinsu na intanet. Suna da akwatin imel na sanarwa zalla, wanda mutane ƙalilan ne ke da izinin aikawa ta cikinsa, don kada surutu ya binne labari mai muhimmanci. Waɗanda ke ajiye aikinsu a GitHub ko GitLab suna da shafin da ke jera kowane bugu da bayaninsa, kuma kana iya neman a riƙa sanar da kai. Akwai kuma ɗan saƙon da ke tasowa a fuskar kwamfuta yana cewa akwai sabuntawa, wanda masu na'urar Faransanci ke gani da sunan mise à jour.

Lambar bugu magana take yi

Abu na farko a kowace sanarwa shi ne lamba, kuma ba duka ake karanta su iri ɗaya ba.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na gida uku, kamar 2.4.1. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shi ya rubuta ƙa'idarsa. Idan lambar ƙarshe ce ta ƙaru, daga 2.4.1 zuwa 2.4.2, gyaran kuskure ne kawai. Idan ta tsakiya ce, zuwa 2.5.0, an ƙara sabon abu amma tsohon aikinka zai ci gaba da tafiya. Idan ta farko ce, zuwa 3.0.0, to a yi hattara, domin abin da ya yi aiki jiya yana iya ƙin yi yau. Harshen rubuta manhaja na Python ya nuna nauyin irin wannan canji. Bugu na 3.0 ya fito a Disambar 2008, bai dace da na 2 ba, kuma sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka iya yi wa na 2 ritaya, saboda yawan ayyukan da suka dogara da shi.

Tsari na biyu kalanda ce. Ubuntu, tsarin Linux da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ke fitarwa, ya fara da 4.10, wato watan 10 na 2004. Don haka 24.04 na nufin Afrilun 2024. Da ka ga lambar ka san shekarun abin da ke gabanka. LibreOffice ma ta koma wannan tsari a 2024: bayan bugu na 7.6 sai aka ga 24.2. Wasu sun zaci an tsallake bugu goma sha wani abu ne, alhali salon ƙidaya kawai aka canza.

Tsari na uku ƙirga ne kawai. Firefox, wadda bugunta na 1.0 ya fito a Nuwambar 2004, ta koma fitar da sabon bugu kowane mako huɗu daga 2020, ta kuma kai lamba 100 a Mayun 2022. A nan ƙaruwar lamba ba ta nufin babban sauyi. Haka ma Linux: lokacin da aka tashi daga 5.19 zuwa 6.0 a Oktoban 2022, Torvalds ya bayyana cewa lambobin ne suka fara yi masa yawa, ba wani juyin juya hali aka yi ba.

Laƙabi don a tuna

Lamba tana da wuyar riƙewa, shi ya sa wasu ke haɗa ta da laƙabi. Ubuntu na amfani da sunan dabba da siffarta, duka biyun da harafi ɗaya suke farawa: 22.04 ita ce Jammy Jellyfish, 24.04 kuma Noble Numbat. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana aro sunaye daga fim ɗin Toy Story: bugu na 12 mai suna Bookworm ya fito a Yunin 2023, na 13 mai suna Trixie a Agustan 2025. WordPress na sa sunayen mawaƙan jaz. VLC, wadda ɗaliban École Centrale ta Paris suka fara a 1996 aka kuma buɗe tushenta ga kowa a 2001, ta kira bugunta na 3.0 na Fabrairun 2018 da sunan Vetinari.

Laƙabin yana da amfani idan kana neman taimako. Wanda ya rubuta a intanet cewa firintarsa ta ƙi aiki a kan Bookworm zai fi saurin samun amsar da ta dace da shi fiye da wanda ya ce kawai yana amfani da Linux.

Akwai bambancin ɗabi'a kuma. Ubuntu ta ɗaure kanta da kalanda, Afrilu da Oktoba, ko an gama komai ko a bar wasu abubuwa sai zagaye na gaba. Sau ɗaya a farkon tafiyarta ta ɗage da mako shida, shi ya sa akwai 6.06 ta Yunin 2006. Debian kuwa ba ta yanke rana tun da wuri. Tana fitarwa ne idan manyan kurakurai sun ragu yadda ta gamsu, abin da a aikace ke zuwa kusan duk shekara biyu.

Abin da ke cikin takardar bayani

Tare da sanarwa akwai takardar bayanin bugu, notes de version a Faransanci. Jaridun fasaha sukan ɗauko sashen farko ne kawai, wato sababbin abubuwa masu ban sha'awa. Ga mai tsohuwar kwamfuta da ƙarancin data, sassan da ke ƙasa sun fi muhimmanci.

Akwai jerin kurakuran da aka gyara. Akwai jerin matsalolin da aka san suna nan ba a kai ga gyara su ba, kuma wannan gaskiya ce da ba kowane ɗan kasuwa zai faɗa maka game da hajarsa ba. Sannan akwai jerin abubuwan da aka daina tallafa wa. A nan ne masu kwamfutocin gwanjo ya kamata su buɗe ido. Ubuntu ta daina fitar da bugun tebur na na'urori masu bit 32 tun daga 17.10. Mozilla ta sanar cewa Firefox 115, ta Yulin 2023, ita ce ta ƙarshe ga masu Windows 7 da 8. Wanda bai karanta ba zai iya ƙona kuɗin data wajen sauke abin da na'urarsa ba za ta iya ɗauka ba. Fayil ɗin girka Ubuntu 24.04 kaɗai ya kusa gigabait 6.

Idan gyaran na tsaro ne

Sanarwar da ta fi kowace nauyi ita ce ta tsaro, kuma tana da nata ladabi. Idan mai bincike ya gano ɓarakar da masu kutse za su iya bi, abin da aka saba shi ne ya shaida wa masu manhajar a asirce. Su shirya gyara, su sanar da manyan masu rarraba ta, sannan a fitar da gyaran da sanarwar a lokaci ɗaya. Kowace ɓaraka ana ba ta lambar shaida mai farawa da CVE, sai shekara, sai lamba. Cibiyar MITRE ta Amurka ce ta fara wannan rajista a 1999, don kowa a duniya ya san matsala ɗaya ake magana a kanta.

Matsalar ita ce, masu kutse ma suna karanta sanarwa. Tun da tushen a buɗe yake, wurin da aka yi faci yana nuna musu inda ramin yake. Daga ranar da aka sanar, wanda bai sabunta ba ya fi jiya shiga haɗari.

A ranar 7 ga Afrilun 2014 aikin OpenSSL, wanda ke kulle bayanai tsakanin mai amfani da shafukan intanet, ya fitar da bugu na 1.0.1g don toshe ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed, mai lamba CVE-2014-0160. Harafi ɗaya ne ya bambanta shi da 1.0.1f, amma na bayan yana iya zubar da kalmomin sirri. Cikin ƴan kwanaki hukumar haraji ta Kanada ta sanar cewa an sace lambobin shaidar mutane kusan 900 ta wannan kafa.

A ranar 29 ga Maris 2024 kuma injiniya Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ƙofar baya da gangan a cikin manhajar matse fayil ta xz. Sanarwarsa ta ambaci bugu biyu ƙarara, 5.6.0 da 5.6.1. Duk mai kula da kwamfuta ya iya duba lambar da ke kan na'urarsa cikin minti ɗaya ya san matsayinsa.

Sanin lamba yana kuma kare mutum daga firgici na banza. A Yulin 2019 labari ya bazu cewa VLC na da mummunar ɓaraka, har wasu suka ba da shawarar a goge ta. Ƙungiyar VideoLAN da ke kula da ita ta amsa cewa matsalar na cikin wani ɓangare ne da ta aro daga waje, kuma an gyara shi tun bugu na 3.0.3. Mai bugun da ya wuce wannan ba shi da abin tsoro. Mai tsohon bugu daga filash ɗin mai gyara kuwa yana da dalilin sabuntawa.

Kowane bugu da wa'adinsa

Masu aikin sa kai ba za su iya kula da kowane bugu har abada ba, don haka sanarwa takan faɗi wa'adi. A Ubuntu, bugun da aka saba fitarwa duk wata shida yana samun kulawa ta wata 9 kacal. Wanda ke ɗauke da alamar LTS, wato mai dogon tallafi, yana fitowa a Afrilun kowace shekara mai lamba cika, yana kuma samun gyaran tsaro na shekara 5 kyauta. Ke nan 24.04 za ta kai 2029. Firefox ma tana da reshe mai alamar ESR ga makarantu da ofisoshi, wanda ba ya yawan canza fuska amma yana samun gyaran tsaro.

Ga inda intanet ke da tsada, wannan shi ne zaɓi mai hankali. Ɗakin kwamfuta na makaranta, asibitin karkara ko gidan rediyon al'umma ba sa buƙatar sabon ado duk wata shida. Abin da suke buƙata shi ne na'urar da ba za ta ba su mamaki ba. Ubuntu da kanta ba ta gaggauta masu LTS su koma sabuwa. Takan jira sai bugun gyara na farko ya fito kafin ta fara tayin ƙaura, kamar 24.04.1 da ta fito a ƙarshen Agustan 2024, wata huɗu bayan ta asali.

Manhajar da wa'adinta ya ƙare ba ta daina aiki. Tana buɗewa, tana buga takarda, komai lafiya a ido. Abin da ya tsaya shi ne gyara, kuma duk ɓarakar da aka gano bayan ranar za ta zauna a buɗe.

Na gaskiya da jabu

Tun da kowa na iya kwafar manhajar ya sake rarraba ta, mugu ma na iya cusa mata cuta ya sa mata suna iri ɗaya. Shi ya sa ingantacciyar sanarwa takan zo da doguwar lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA-256. Kamar zanen yatsan fayil ne: in an taɓa ko da ɗigo ɗaya a ciki, lambar za ta canza gaba ɗaya. Manyan ayyuka kuma suna buga hatimin sirri a kan wannan lamba, don a tabbatar daga hannunsu ta fito.

A Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil na bugu 17.3. Shugaban aikin, Clément Lefèbvre ɗan Faransa, ya fito fili ya sanar, ya faɗi ranar da abin ya faru da bugun da ya shafa, ya kuma nuna yadda mutum zai gwada lambar fayil ɗinsa da ta gaskiya. Idan haka na iya faruwa da shafin asali, to fayil ɗin da ya bi ta waya biyar da filash uku kafin ya iso gare ka ya fi cancantar a gwada shi.

Inda sanarwar ke maƙalewa

Kusan duk waɗannan sanarwoyi da Ingilishi ake fara rubuta su. Masu karanta Faransanci suna da sauƙi, domin ƴan sa kai na fassara bayanan LibreOffice, Firefox da Debian, kuma shafin LinuxFr.org, wanda ke aiki tun 1998, yana kawo labarin sababbin bugu da sharhi. Manyan ayyuka ma sukan dakatar da canza kalmomin da ke fuskar manhaja ƴan makonni kafin fitarwa, don masu fassara su cim ma aikin. Bahaushen Kamaru, Chadi ko Nijar da ya yi makarantar Faransanci zai iya bin wannan hanya, na Ghana ya bi ta Ingilishi. Wanda Hausa kaɗai yake karantawa kuwa ya dogara ne da mai gyara, ko malamin makaranta, ko yaron shagon intanet. Su ne sanƙirar da sanarwar ke buƙata, kuma lasisin waɗannan manhajoji bai hana kowa fassara labarin ya yaɗa shi ba.

Ga mai amfani na yau da kullum, aikin ba shi da yawa. Buɗe manhajar, ka nemi wurin da aka rubuta À propos ko About, ka ga lambar bugu. Ka gwada ta da wadda ke shafin masu manhajar, irin su videolan.org, mozilla.org ko libreoffice.org. Idan tazarar ta ƙunshi gyaran tsaro, ka sabunta ko da za ka jira dare lokacin da data ke da rahusa. Idan sabon ado ne kawai, babu gaggawa. Mutum ɗaya zai iya saukewa daga shafin asali, ya gwada zanen yatsan fayil ɗin, sannan ya raba wa unguwa ta filash.

In kuma za ka sake kai kwamfuta wurin mai gyara, ka tambaye shi: Malam, wane bugu ne wannan, yaushe ka sauke shi, kuma daga ina? A ɗakin kwamfutarmu yanzu akwai takarda manne a bango mai layi uku: sunan manhaja, lambar bugu, da ranar da wa'adinta zai ƙare. Ɗaliban aji na ƙarshe ne ke duba ta a farkon kowane zango.